Shekarar Lemar Anas

Ku 'ya'yana kun saba ganina a kujerar bakin taga da butar shayi a gefe, har kuna ɗauka a zaune aka haife ni. Shekarar da zan ba ku labarinta ita ce ta farko da na fara wannan zaman, kuma a lokacin ban iya shi ba. Ciwon gwiwa ne ya raba ni da jirgin da na daɗe ina tuƙawa daga Ubhur, ina kai masu sha'awar kamun kifi bayan sha'ab, wato duwatsun murjanin nan da suka yi wa gaɓarmu katanga a cikin ruwa. Kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya sallame ni cikin mutunci, ya ce ƙaramin kwalekwalen da muke ja a bayan jirgi yana nan, duk ranar da na ji kewar teku in je in ɗauka. Na dawo unguwarmu Sa'alaba na zame wa mahaifiyarku kaya a tsakar falo. A gaɓa Rayyis Haruna ake ce mini, wato shugaban jirgi, in na yi gyaran murya ma'aikata su miƙe. A gida kuwa abin da nake ji daga safe har yamma shi ne, "Abuya, ɗaga ƙafarka za a share."

Anas a lokacin ya gama koyon gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya fara fita aiki da wani ɗan Yaman, suna bin gidaje suna gyara wa mutane sanyi. Shi kaɗai ne namiji a cikinku, kuma ban taɓa ɓoye cewa na so ya gaje ni ba. Tun yana ƙarami nake ɗaukarsa a jirgi ranakun hutu, amma da mun fita ruwa mai motsi sai fuskarsa ta sauya, ya kwanta a ƙasan jirgi yana amai, yana cewa warin kifi da na dizal suna juya masa ciki. Na gwada lemun tsami, na gwada citta, na gwada faɗa. Daga baya na cire rai. Na ce wa kaina, an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to tawa barewar mai gyaran mukayyif ta haifa, Allah ya sa masa albarka a sana'arsa.

Sai ga Jamilu. Ƙanin mahaifiyarku da kuke kira Khali, wanda na sani tun yana yawo da majina a lungunan Mahjar, ina saya masa alawa ya kira mini yayarsa. Ya girma ya sami aiki a wani wurin shaƙatawa na bakin teku can gaba da Ubhur, yana jera wa baƙi kujeru. A wurinsu ya ga wani wasan kan ruwa, ya koya, har ya zama shi ke koya wa mutane. Abar da ake wasan da ita, su kait suke ce mata, ni kuwa lema na kira ta tun ranar farko kuma ban canza ba. Ƙaton yadi ne mai haƙarƙari da ake hura wa iska da famfo, a sake shi sama da dogayen igiyoyi, mutum ya maƙala su a ɗamarar ƙugunsa, ya riƙe sanda, ya taka allo, iska ta riƙa jansa a kan ruwa. Da na fara gani na ce wasan 'ya'yan masu hali ne da ba su taɓa neman abincinsu a teku ba. Ban san Jamilu ya fara ɗaukar ɗana duk ƙarshen mako ba, sai da na ga yaro ya ƙara baƙi, gishiri a gashinsa, yana cin abinci kamar ɗan dako.

Wannan yaron da ya yi mini amai a ƙafa, shi ne yanzu ba ya iya kwana biyu bai ga teku ba. Da ɗan wani ne, da na taya ubansa murna. Amma ni abin da ya tsaya mini a wuya shi ne "Khali ya ce." Khali ya ce iskar shamal, ta arewa, ba ta zama sosai sai bayan azahar. Khali ya ce in ka hango ruwa ya yi fari-fari daga nesa, iska na tafe. Khali ya ce kada ka amince wa iskar da ke fitowa daga tudu. Duk waɗannan na faɗa masa su da bakina tun yana yaro, kansa na cikin bokiti. Yanzu ya dawo mini da su gida a matsayin sabon ilimi, yana yi mini bayani a hankali don kada in kasa ganewa. Ina jinsa, ina gyaɗa kai. An ce kishi kumallon mata. Wanda ya faɗi haka bai haifi ɗa namiji ya ga wani ya janye masa shi ba. Kishi nake yi da Jamilu, kishi na gaske, har in na jiyo dariyarsa daga matakala sai shayi ya yi mini ɗaci a baki. Kuma ba damar in nuna, don ƙanin mata abokin wasa ne, duk abin da ya faɗa sai ka dara ko da ya soke ka.

Wata Juma'a bayan masallaci muna zaune a ƙasa muna cin sayadiyya, Jamilu yana tare da mu kamar kullum, ya naɗe hannun riga yana zare wa Anas ƙaya daga kifi kamar shi ya haife shi. Anas ya ɗago ya dube ni.

"Abuya, na gaji da aron lemar mutane. Ina son tawa."

"To me ya hana?" na ce.

"Mushkila ɗaya ce. Ruwan iri biyu ne. Cikin sha'ab a kwance yake kamar faranti, a nan ake gudu, ake tsalle. Bayan sha'ab kuma akwai moj, taguwar ruwa, a can ake hawa. Masu hali suna da lema biyu, ta nan da ta can. Ni ɗaya zan iya riƙewa, kuma ina son ta yi mini duka."

"Taura biyu ba ta taunuwa," na ce masa.

"Tana taunuwa, Yaya Rayyis," in ji Jamilu, baki cike da shinkafa. "Akwai wata gajera mai ƙiba, haƙarƙari uku gare ta. Ba ta kai doguwar lema ƙarfin ja ba, ba ta kai ta tashi sama ba, amma tana juyawa da sauri, kuma in igiya ta yi sako-sako ba ta faɗowa. Ita ce tasa, wallahi. Gobe in ya tashi aiki zan kai shi shagon wani abokina mu..."

"Ba za ka kai shi ko'ina ba."

Mahaifiyarku ta ajiye cokalin zuba miya. Ni kaina ban san muryata za ta fita da wannan kaifin ba, amma tunda ta fita sai na bi bayanta.

"A gidan nan uba ke yanka wa ɗansa shira'i. Ni zan zaɓa, ni zan saya. Wannan gajerar da kake faɗa kuma, da jin sifarta ka san lemar raggwaye ce. Yadin da ba ya riƙe iska ai zanin gado ne."

Jamilu ya ɗaga hannuwa biyu yana dariya, ya ce, "Khalas, Rayyis ya yi magana. Mu masu jera kujeru mun yi shiru." Anas kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Tayyib, Abuya." Bai ƙara loma ɗaya ba.

Dole in gaya muku abin da nake nufi da wannan maganar, don ku 'yan mata kun ɗauka rigima ce kawai ta tsoho. Kakanku Malam Ilu an shigo da shi ƙasar Larabawan nan a goye, ta Sudan, ya tashi cikin masunta masu huri, ƙananan kwalekwalen nan na itace da ake kafa wa sanda a ɗaura yadi. Yadin shi ne shira'i. A cikinsu ba a saya wa yaro shira'insa na farko, kuma ba a tambayarsa irin wanda yake so. Ubansa ne zai yi ta kallonsa, ya ga faɗin kafaɗarsa, ya ga ko mai garaje ne ko mai sanyin hali, sannan wata rana ya farke buhunan fulawa, ya shimfiɗa a gindin bango, ya yanka, ya ɗinke da hannunsa. Mai zafin kai a yanka masa ƙarami, mai natsuwa a ƙara masa faɗi. Ranar da aka miƙa maka, a ranar za ka san abin da ubanka yake gani a cikinka. Ni ƙarami aka yanka mini. Na ji haushi, na karɓa da hannu biyu, ban ce uffan ba. Huri ya ɓace, inji ya zo, na ɗauka wannan al'ada ta mutu a hannuna. Sai ga ɗana yana neman yadin da iska za ta ja shi da shi, kuma wai wani ne zai zaɓa masa ina raye.

Da suka fita, mahaifiyarku tana kwashe kwanuka, ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"Abu Anas, kishi kake yi da ƙanina."

"Ni? Da Jamilu? Yaron da na saya wa alawa?"

"Shi fa. To ka zaɓa, ba wanda ya hana ka. Amma ka sani ba ka taɓa riƙe igiyar abin nan ba, kuma ɗana ne zai rataya a jikinsa."

Abin da na yi shi ne na fara ɗaukar ƙugiya da ɗan kwando ina cewa zan je kamun kifi. In hau mota har Ubhur, in kunce kwalekwalen kafilina, in bi gaɓa zuwa arewa har inda masu lema suke taruwa, in jefa anga a gefen sha'ab daga ciki, in ja shimagina, ƙyallen da nake yafawa a ka, in rufe fuska. Ƙugiyar tana cikin ruwa, sau da yawa ko abinci babu a bakinta. Sama nake kallo. Ban san sunayen lemomin ba, ban kuma nemi sani ba, amma na san yadi na san iska, kuma ba a daɗe ba idona ya fara rarrabe su. Akwai wata doguwa siririya mai haƙarƙari biyar, ita ce ta shiga raina tun kallon farko. In ta cika da iska ba ta rawa, ba ta kaɗawa, tana ja kamar doki, mai ita ya tsaga kwantaccen ruwan nan ya bar farin layi a bayansa, sannan ya ja sanda ya tashi sama ya daɗe bai sauko ba. Na ce yawwa, ga shira'in maza. Wannan zan saya wa Anas, Jamilu ya ga bambancin rayyis da mai jera kujeru. Na koma gida ranar da fara'a har mahaifiyarku ta tambaye ni ina kifin da ya sa ni wannan murmushi.

Da na tsaya a nan da na huta. Amma wata rana shamal ta buso da ƙarfi tun hantsi, na ce bari in fita ta ƙofa, wato tsagar da ke tsakanin duwatsun inda jirage ke wucewa, in ga abin da suke yi a bayan. A can ruwa ba wasa yake ba. Taguwa tana tasowa daga zurfi, ta tarar da murjani, ta miƙe tsaye, ta karye. Na ga wani Bature mai irin doguwar lemar da nake so, ya juyo ya hau bayan taguwa, ta ɗauke shi ta nufi inda iska ke tafiya da shi. Nan take igiyoyinsa suka yi sako-sako. Lemar ta tsaya a sama kamar tana tunani, ya ja sanda ta ƙi juyowa da wuri, sai ta kifo da ka ta faɗi cikin farin kumfa. Taguwa ta biyu ta naɗe ta, ta ja shi da ita zuwa kan duwatsu. Ni na je na tsamo shi, cinyarsa da bayansa duk murjani ya kankare, yana ta yi mini godiya da guntun Larabcinsa.

Wannan lokacin na san shi. Duk wanda ya taɓa tuƙa huri da taguwa a bayansa ya san shi: ruwa ya ɗauke ka ya fi iska gudu, shira'i ya saki jiki ya riƙa marin sanda. Amma mu muna da sanda, ita ke riƙe mana yadi har iska ta dawo ciki. Lema ba ta da sandar da za ta riƙe ta a tsaye. In igiya ta saki, sai dai ta riƙe kanta da kanta, kuma doguwa mai nauyi ba za ta iya ba. Ina cikin wannan tunanin, Baturen yana zaune a ƙasan kwalekwalena yana matse ciwo, sai ga wani ya fito ta ƙofa da gajerar lema shuɗiya. Ko daga nesa na san tsayuwarsa. Jamilu ne. Ya hau taguwar da ta fi ta Baturen girma, igiyoyinsa suka saki har suna lilo, amma lemar ba ta faɗo ba. Ta bi iska a hankali tana ja da baya, tana jiransa, da ya taɓa sanda ta juyo nan take. Ya gama da taguwar, ya koma ta ƙofa cikin kwantaccen ruwa, ya yi gudunsa, ya ɗan yi tsallensa, ba mai tsawo kamar na doguwar ba, amma tsalle ne. Lema ɗaya, ruwa biyu. Gani ya kori ji. Kuma ya iya, Allah ya sani ya iya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na ƙara jan shimagi na rufe fuska don kada ya gane ni.

A nan Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni, kuma maganarsa ta yi mini daɗi. Doguwar lema ba mummuna ba ce, a cikin sha'ab babu kamarta. In na saya wa Anas ita, ruwansa ya zama na ciki ke nan, inda zurfi bai wuce ƙugu ba, inda zan shimfiɗa darduma a kan yashi in kalle shi yana tashi sama ya fi kowa. Jamilu kuwa ya yi ta hawan taguwarsa shi kaɗai a waje. Zan ce don lafiyarsa na yi, mahaifiyarku ma za ta goyi bayana. Kowa zai san zaɓin uba daban ne da na kawu. Kwanaki na yi ina juya wannan a raina, in kwanta da shi in tashi da shi, har na fara jin ƙamshin nasara.

Shagon yana wata unguwa a arewacin gari. Wani saurayi ne a ciki, mai gashi a ɗaure ta baya, ya ga tsoho da sanda ya shigo ya ɗauka ɓatan hanya na yi. Na ce ya shimfiɗa mini doguwar da gajerar a ƙasa. Na durƙusa da gwiwar da ba ta so, na murza yadin, na bi ɗinkin da farce, na ɗaga kowace na ji nauyinta.

"Ya Ammi, wa za ka saya wa?" in ji shi.

"Ɗana."

"Ina yake wasa, ciki ko waje?"

"Ciki," na ce. Bakina ne ya faɗa kafin in shirya.

"To ba magana, doguwar. Abshir, an gama, yanzu zan naɗe maka."

Ya fara naɗewa, ina tsaye ina kallonsa, sai na ga abin da na ƙi gani duk kwanakin nan. Na san ɗana. Zai karɓa da hannu biyu, ya sumbaci kaina, ba zai ce uffan ba. Zai yi sati ɗaya ko biyu a ciki don ya faranta mini. Sannan wata rana shamal za ta buso, kawunsa zai nufi ƙofa, shi kuma zai bi shi, da lemar da ubansa ya zaɓa masa a sama, don ba zai taɓa yarda a ce ya ajiye ta ya ari ta wani ba. Na ga bayan Baturen nan da murjani ya kankare, na ga bayan Anas a wurin.

"Tsaya," na ce. "Waje ma yana fita. Ba ni gajerar."

"Shuɗiya ce ta fi tafiya," in ji saurayin. "Irinta wani malamin lema yake amfani da ita, Jamil, ko ka san shi?"

"Ban san shi ba. Ba ni ruwan ɗorawa."

Launi dai na ƙi nasa. Wannan kaɗai na iya ƙwata, na rungumi jakar a cikin mota har Sa'alaba kamar mai dawowa daga jana'iza.

Bayan la'asar Anas ya dawo daga aiki, hannuwansa duk baƙin mai. Na sa ya wanke, na zaunar da shi, na yi bisimilla na miƙa masa. Na shirya maganar da zan yi tun a hanya. Zan gaya masa na kalli ruwan nan da idona, na kalli kafaɗarsa da halinsa, na ga shi ba mai tsayawa wuri ɗaya ba ne, don haka na zaɓa masa wadda za ta jira shi in ya fi iska gudu. Ya zuge jakar, ya ja yadin, ya ƙirga haƙarƙarin da yatsa, fuskarsa ta washe yadda ban ga ta yi ba tun yana yaro. Ya faɗo jikina ya sumbaci kaina da hannuna.

"Allah ya saka da alheri, Abuya. Wallahi na ji tsoro. Na gode da ka ji maganar Khali."

Kafin in buɗe baki ya zaro waya, ya miƙe ya nufi taga.

"Khali! Ita ce, wallahi ita ce! Irin wadda ka ce. Abuya ya yarda!"

Maganar da na shirya ta koma ciki, kuma a can ta zauna har yau da nake rubuta ta. Washegari Jamilu ya zo da kwalin alawar baƙalawa, tun daga matakala yake kiran, "Yaya Rayyis, ashe lemar raggwaye ta yi kasuwa!" Kuka yi ta dariya dukanku, ni ma na yi, don abokin wasa ne. Daga ranar sunanta ya zama lemar Khali. Haka kuke kiranta, haka 'ya'yanku suke kiranta in sun ga hotonta a bango. Mahaifiyarku kaɗai ta dube ni ta gefen ido, don ita ta san kwandon kifina bai taɓa dawowa da ƙarni ba, amma ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To yanzu ku ji daga bakina. Ban ji maganar Jamilu ba. Da maganarsa ce kawai, da na sayi doguwar ko don in ɓata masa rai. Idona ne ya kai ni inda bakinsa ya riga ni zuwa, kuma ba abin da ya fi wannan ciwo ga wanda ya girme ka.

Asabar ta gaba suka ce in zo in ga ranar farko. Na ce gwiwa ba za ta bar ni ba. Da suka tafi na ɗauki ƙugiyata, na bi ta hanyata, na kunce kwalekwale, na fita ta ƙofa tun kafin iska ta zauna, na jefa anga a gefe inda taguwa ba ta karyewa. Wannan karon ban rufe fuska ba. Bayan azahar shamal ta zo. Na hango ruwan ɗorawa ta tashi daga gaɓa, ta yi ta kai da kawo a cikin sha'ab, tana gudu, tana ɗaga shi sama tana saukewa. Can sai ta juya ta nufo ƙofa. Zuciyata ta buga yadda ba ta taɓa bugawa ba a duk shekarun da na yi ina ratsa wannan tsagar da ran mutane a hannuna. Ya fito. Ya bar taguwar farko ta wuce, ya bar ta biyu, ya juya ya hau wadda ta biyo. Ta ɗauke shi, igiyoyi suka saki, na miƙe tsaye a cikin kwalekwale ban san na miƙe ba. Lemar ta tsaya. Ta ja da baya a hankali tana jiransa, ya taɓa sanda, ta juyo, ya sauko ta gefen taguwar ya nufo ni, kusa har ina ganin haƙoransa. Ya saki sanda da hannu ɗaya, ya ɗaga shi sama, ya yi ihu.

Na ɗaga nawa duka biyu. Ni da ban taɓa yi wa kowa ihu a teku ba sai na umarni, na kira sunansa har muryata ta dushe, hawaye da gishiri suka haɗu a gemuna. Ya wuce, feshinsa ya jiƙa mini riga. Sai na ji tsagar allo a bayana. Na waiwaya, ga Jamilu da shuɗiyarsa, dab da bayan kwalekwalena, a kan layi ɗaya da ni, shi ma hannunsa a sama yana dariya.

Shekaru sun wuce, Jamilu ya yi furfura, ni na ƙara tsufa, muna shan shayi tare a wannan tagar, kuma ina ƙaunarsa, Allah shaida. Amma har gobe ban san wanda aka ɗaga wa hannun nan ba. Ku 'yan mata kada wadda ta tambaya. Kai kuma Anas, in ka karanta wannan, ka rufe ka ajiye. Kada ka gaya mini.